Faifan Garmaho a Soron Baba Goni

Sallama gare ku, masu bin labarina. Wanda yau ya fara leƙowa, sunana Gumsu, 'yar Fagge, 'yar Baba Goni mai sayar da hulunan zanna. Labarin nan na shekarar hamsin da tara ne, lokacin ina budurwa ina ji da kaina. Ku da kuke naɗar muryarku a waya ku tura wa saurayi kafin shayi ya huce, ku ɗan yi mini haƙuri, don na san abin da zan ba ku yau dariya zai ba ku. Ni kuwa ya kusa tsayar mini da numfashi, kuma aurena ne ya rataya a kansa.

Wanda nake so sunansa Sammani, ɗan Kwaciri, dogo, baƙi, mai wushirya, mai jan magana a hankali kamar yana tsoron kada ta fashe. Tela ne a bakin Kantin Kwari. Da a nan ya tsaya da tuni an sha biki. To amma da yamma yakan rufe keken ɗinki ya ɗauki bigila ya nufi Sabon Gari, inda yake busa a cikin 'yan badujalar wani Inyamuri mai suna Obinna. Baba kuwa gwanin Alƙur'ani ne, asalinmu Barno, kuma a wurinsa duk mai busa maroƙi ne, ko da kwat yake sawa.

Inna Falmata, mahaifiyata, ita ta yi ta lallaɓa shi, yau da tuwo gobe da magana, har ya sauko. Ya kira kawun Sammani, Malam Dabo, ya faɗa masa a gaban mutane:

"Ɗinki sana'a ce, na yarda. Busar nan in ba zai iya barinta yanzu ba, ya tsaya ga biki da suna. Amma ranar da na ji bigilarsa a kan motar siyasa, ko ta wane ɓangare ce, magana ta mutu."

Kada ku ga laifinsa da wuri. Zaɓe ya matso, Fagge ta rabu biyu: masu bin jam'iyyar da manya ke bayanta, da masu bin ta adawa da ke kiran kanta ta talaka. Mai shayi ma sai da ya zaɓi ɓangare. Wa da ƙani su haɗu a masallaci, a sallame kowa ya ɗauki takalminsa ba gaisuwa. Baba hula yake sayarwa, kuma kowane ɓangare yana da kai, don haka ya kulle bakinsa ya kulle na gidansa. Sammani ya yi alkawari, kuma ya riƙe shi. An zo masa da tayi daga nan da can, duk ya ce a kai kasuwa.

Yadda muke haɗuwa kuwa, sinasir ne ya yi mana hanya. Duk Fagge ba mai sinasir irin na Inna, fari sol, mai ƙananan idanu, ga laushi ga ɗan tsami. Matar Obinna, Madam Obiageli, tana da gidan abinci a Sabon Gari, ta ɗanɗana sau ɗaya ta ce kullum a kawo mata fanteka guda. Ni ke kaiwa. Duk ranar da na tsallaka titi na shiga unguwar nan sai in ji kamar na bar ƙasar: mata da ɗaurin kallabi yana neman taɓo rufi, maza da gajeren wando da safa har gwiwa, ƙamshin agada a cikin manja, kowane shago da irin kiɗan da ke fita daga cikinsa. Nakan rage sauri don kallo, har sinasir ya fara hucewa a kaina.

Madam ita ce wayarmu. Mace ce mai jiki da dariya, Hausarta ba ta san mace ba ta san namiji ba.

"Gumsu, ka zo? Mutumin ka ya ce in gaya maka jiya bai ci abinci ba saboda tunanin ka."

"Ƙarya yake yi, Madam."

"Ƙarya ne mana. Kwano biyu ya ci, ya ce in ƙara miya."

A bayan gidan abincin nan 'yan badujala ke gwaji da rana. Nakan zauna a kan turmi ina jiran a juye mini fanteka, ina yi kamar ba Sammani nake kallo ba. Wata rana ina zaune bakina ya kama wata waƙa ban sani ba. Waƙar niƙa ce ta kakata Ya Gana, mahaifiyar Baba, da Barbarci. Ita ta tsara abarta tun suna Dikwa, kuma ba wanda ya iya ta sai 'yan gidanmu. Mace ce take gaya wa dutsen niƙa cewa ita ta shuka, ita ta sussuka, ita take niƙa, amma in tuwo ya nuna sai ya wuce ta gabanta zuwa soro. A ƙarshe sai ta kira autanta da sunansa, ta ce ya yi maza ya girma ya zo ya karɓe ta. Autan nan shi ne Baba. Ya Gana ta rasu tun ina ƙarama, waƙar ce gadona daga gare ta.

Ban ankara ba na ji bigila tana bin bayana a hankali. Mai jita ya shigo, mai ganga ya ɗora. Na yi shiru don kunya, Obinna ya ɗaga hannu ya ce in ci gaba. Daga ranar ta zama abin wasanmu in na zo.

Sai wata rana da hantsi na tarar an canza wurin. An rufe tagogin falon rawan da suke gwaji a ciki, an rataye barguna a bango, an roƙi mai injin markaɗe na maƙwabta ya kashe, Madam ta kife zakarunta a kwando ta lulluɓe da buhu. Wani Bature mai jan wuya yana zaune yana ta gumi a gaban wani akwati mai wasu da'irori biyu masu juyawa a kansa, siririn zare ruwan ƙasa yana bi ta tsakaninsu. Da shi da akawunsa Bayarabe daga Ikko suka zo ɗaukar kiɗa don a buga faifan garmaho. An ɗauki waƙoƙin Obinna, saura guda da za a sa a bayan faifai, Bature ya ce yana son ta Arewa, da muryar mace.

Obinna ya dubi Sammani, Sammani ya dubi ƙasa. Madam ce ta nuna ni da ludayi.

"Ga shi nan."

"Ni? Madam, Baba yanka ni zai yi."

Akawun ya ce, "Ba za a sa sunanki ba, 'yan mata. Ingila za a kai a buga. Kafin ya dawo kin yi 'ya'ya."

Sammani ya matso ya ce a hankali, "In ranki bai so ba, ki bari, Gumsu. Ba wanda zai ce miki komai."

Gaskiya zan gaya muku: ba wanda ya tilasta ni. So nake in ga abin da akwatin nan zai yi da muryar mutum. Na gyara gyalena, na tsaya a gaban wani ƙarfe mai kama da kan ludayi. Bature ya sauke hannu, bigila ta tashi, na rufe ido na shiga. Da na zo wurin da Ya Gana ke kiran autanta, na yi abin da na saba yi kullum, na rufe bakina. Wace 'ya ce za ta kama sunan ubanta? Har yau da furfurata bakina bai taɓa furta shi ba. Sammani ya cike gurbin da busa mai tsawo, aka ƙare.

Sai Bature ya mayar da zaren baya ya danna wani abu.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Bakina a rufe, hannuna a kansa ma, amma ga ni ina waƙa daga cikin akwati. Har jan numfashina yana ciki. Har ƙarar awarwarona. Tsigar jikina ta tashi, na ja da baya sai da na bugi bango, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Abin da na faɗa ɗazu, wanda ya kamata ya bi iska ya wuce kamar kowace magana tun zamanin Annabi Adamu, ga shi an kama shi an dawo da shi. Madam ta daina dariya, ta yi alamar addininsu a ƙirji. Ni kuwa hawaye kawai nake, ba na tsoro kaɗai ba. Daɗi na ji, irin wanda ban taɓa ji ba, don ban san haka muryata take ba.

Na koma gida ban gaya wa kowa ba. Damina ta zo ta wuce, na ma fara mantawa. Aka sa ranar Juma'a da manyan Sammani za su kawo goron neman aure.

Ana gobe za su zo na kai sinasir, na tarar da Madam ba fara'a. Ta ja ni bayan murhu.

"Faifai ya dawo. Yana kanti, kowa yana saye."

"To ai ba sunana."

"Ba suna. Amma wani Babarbare ya fassara wa 'yan adawa abin da waƙa yake cewa. Sun ce wannan nasu ne, talaka ya niƙa wani ya ci. Sun sa a lasifika a kan mota. Mutumin ka ya ce in gaya maka wallahi ba da sanin shi ba, ya je ya roƙe su, sun ce sun saya da kuɗin su."

Na dawo Fagge ban san ta inda na bi ba. Abin da nake ta roƙo shi ne Allah ya sa motar nan ta yi faci, ko ta bi ta Kwaciri, ko ta ko'ina, ban da layinmu.

Ranar Juma'a Inna ta tashi gidan da turaren wuta tun safe. Ta sa lafayarta ruwan goro, ta sa ni na ɗaura sabuwar atamfa mai zanen ganye, ga kitso sabo, ga lalle har idon sawu. An yi sinasir da miyar taushe, an jera nakiya a faranti. Bayan an sauko daga masallaci Malam Dabo ya iso da dattawa biyu, da ƙwaryar goro a ƙulle cikin farin ƙyalle. Da yake Baba ba shi da ɗan'uwa a Kano, shi da kansa ya karɓe su a soro. Ni kuwa na ɗauki tire na zauna bayan ƙofar da ke shigowa cikin gida, ina tsintar shinkafar da an riga an tsince. Ƙofar tana da tsaga, kuma na san tsagar nan tun ina yarinya.

An gaisa, an tambayi iyali, an yi addu'a. Malam Dabo ya gyara murya ya tura goro gaba. Daidai nan na jiyo ihun yara daga bakin layi, da gurnanin mota.

Ba ta wuce ba. Ta zo bakin famfon da ke kusa da ƙofarmu ta tsaya. Lasifika ta yi ƙara, sai bigilar Sammani ta tashi, wadda duk Fagge ba wanda bai san ta ba. Sannan ni.

A ɗakin Bature muryata daidai ni take. A nan kuwa ta fi gidanmu tsawo. Ta haye katanga, ta cika tsakar gida, ta shiga ɗakuna, tantabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Yaran da ke ihu suka yi tsit. Na ji masu ɗiban ruwa sun daina buga bokiti. Wata tsohuwa Babarbariya a gidan da ke bayanmu ta rangaɗa guɗa. Waƙar da aka yi wa dutsen niƙa a lungun ɗaki, wadda ko soro ba ta taɓa kaiwa ba, ga ta a kan titi duk unguwa ta tsaya tana saurare. Ina cikin tashin hankali mafi girma a rayuwata, amma wallahi wani ɓangare na zuciyata cewa yake, Ya Gana, ina ma kina nan.

Na waiwaya. Inna tana tsaye da ludayi a sama, miya tana ɗiga a ƙasa, idonta a kaina.

A soro Malam Dabo ya kama tari, ya shiga ba da labarin tsadar gero da ƙarfi.

"Malam Dabo, dakata," in ji Baba.

Ba wanda ya ƙara motsi har waƙar ta ƙare, wani ya karɓi lasifika ya yi ta jawabi, motar ta ja ta tafi.

"Bigilar nan ta ɗanku ce?" in ji Baba.

"Allah gafarta Malam, yaron nan bai..."

"A kira shi. Ya zo da akwatin da ake sa abin, da faifan."

Saurayi ba ya zuwa wurin neman aurensa, kowa ya sani. Amma Sammani yana nan kusa, ya laɓe a shagon wani abokinsa yana jiran albishir. Ba a jima ba ya shigo da garmaho a ka, farar rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Baba, tun kafin damina aka ɗauka, ba don siyasa ba. A kanti suka saya kamar kowa, na je na..."

"Ban tambaye ka ba tukuna. Sa mu ji."

Ya murɗa hannun akwatin, ya ɗora allura. Ta tsagar ƙofa ina ganin Baba. Mutumin da ko rediyo bai yarda a shigo da ita gidansa ba, ya sunkuya ya kai kunnensa kusa, ya rufe ido, carbinsa ya tsaya a hannu. Leɓɓansa suna bin waƙar. Da aka zo wurin da na yi shiru bigila ta cike, ya ɗaga yatsa.

"Mayar da shi baya kaɗan."

Aka mayar. Ya sake ji. Sannan ya buɗe ido.

"Waƙar nan ta mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta. A nan wurin sunana take kira. Da baƙuwa ce ta tsinci waƙar ta rera, da ta faɗi sunan, don ba komai ba ne a wurinta. Mutum biyu ne a duniya za su zo nan su rufe baki: matata da 'yata. Sammani, wacce ce a ciki?"

Tiren shinkafa ya zame daga cinyata, na tare shi da ƙyar.

"Baba, laifin nawa ne," in ji Sammani.

"Ba laifi na tambaye ka ba."

"Ku gafarce ni, Baba. Ba zan iya faɗa ba."

Malam Dabo ya zungure shi da gwiwar hannu, ya ƙi ɗagowa. Na so shi a lokacin nan fiye da duk ranakun da suka wuce, kuma na ji haushinsa, don na ga inda shirun nasa zai kai mu.

"Shi ke nan," in ji Baba. "A kira mini uwar yarinyar."

Ku fahimci abin da ake nufi. Budurwa ta yi waƙa a Sabon Gari abin faɗa ne. Matar aure, matar Goni, a ji muryarta a kan motar siyasa, wannan abin da zai raba ta da ɗakinta ne. Amma sai na ga Inna ta ajiye ludayi, ta goge hannu, ta ja lafaya ta rufe kai. Ta zo wucewa ta kusa da ni ta ce ƙasa-ƙasa:

"Zauna. Zan ce ni ce. Ni na ci zamanina, ke yanzu za ki fara."

Na riƙe gefen lafayarta.

"Sake ni, Gumsu."

Ban sake ta ba. Na miƙe, na tura ƙofar, na shiga soro da sabuwar atamfata da lallena, a gaban dattawan da suka zo neman aurena, abin da ban taɓa jin wata 'ya ta yi ba a Fagge. Ɗaya daga cikinsu ya kawar da kai yana salati. Na durƙusa a gefen tabarma.

"Ni ce, Baba. Inna ba ta sani ba. Shi ma ya ce in bari, ni na ƙi."

Baba ya dube ni. Na shirya wa tsawa, na shirya wa mari ma. Da ya yi magana, muryarsa a dishe take.

"Na sani. Tun motar tana bakin famfo na sani." Ya dubi akwatin. "Da hannuna na sa matar nan a kabari. Yau ina zaune a sorona ta zo tana niƙa."

Idanunsa sun cika. Ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da aka yi rasuwar. Ya sa hannun riga ya share, ya gyara zama, sai ya koma Baba Gonin da kowa ya sani.

"Malam Dabo, na yi magana a gabanka da gaban shaidu. Na ce ranar da na ji bigilarsa a kan motar siyasa, magana ta mutu. Na ji, kun ji, Fagge ta ji. Ko da saninsa ko ba da saninsa ba, gobe rabin masu gaishe ni za su daina. Ku koma da goronku."

"Allah gafarta Malam, a duba..."

"Na duba."

Malam Dabo ya ɗaure bakin farin ƙyallen. Dattawan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna neman takalmansu. Ina durƙushe ina kallo goron aurena ya fita ta ƙofar da ya shigo, kuma na ji zafinsa har cikin ƙashina. Ban yi kuka ba, don kukan ma ya ƙi zuwa.

Sammani ne na ƙarshe. Bai dube ni ba. Ya cire faifan a hankali ya mayar cikin takardarsa, ya rufe akwatin, ya sunkuya zai ɗauka. Sai Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin.

"Wannan ka bar shi nan. Da faifan."

Sammani ya tsaya a sunkuye, hannunsa a kan mariƙin.

"Ban iya sa masa allura ba," in ji Baba, yana kallon bango. "Gobe bayan la'asar ka zo ka nuna mini. Kai kaɗai."